Ranar da Na Goya 'Yar Farina

'Yan'uwana mata na zumunta, da mazajenmu da suke karanta takardar nan in mun ba da baya, ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya san ciwon da ba ya fitowa a fata. Salamarsa ta zauna a gidajenku.

Sunana Rahila, ina koyar da 'yan aji biyu a firamare a nan Kalgo. Uwar zumuntarmu, Mama Lami, ta daɗe tana bina in rubuta shaidata, ni kuma ina ta zille mata da cewa alli ya cinye mini yatsu. To, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shaidata a kan 'yar farina ce, wadda saura ƙiris in tsaya ina kallo a ɗauke ta daga hannuna, ana ta yaba mini a kan haka.

An haife ni a unguwar kutare da ke bayan gari, kusa da tsohon asibitin mishan. Neman magani ne ya kawo iyayena can. A can suka haɗu, suka karɓi Yesu, suka yi aure. Mahaifina ya rasu ban fara rarrafe ba, don haka ni ce ta fari, ni ce kuma auta. A wancan zamani ba a barin lafiyayyen yaro a wurin uwa mai cutar. Tun ina shan nono aka ɗauke ni aka kai ni Ceberu, kusa da Gwandu, gidan yayan mahaifiyata, Bafillace mai shanu. Da madarar shanun Kawu aka raine ni.

Ba zan ci zalin mutanen gidan Kawu ba. Sun karɓe ni a lokacin da kowa yake gudun irina, ban taɓa kwana da yunwa ba, Kawu ne ma ya sa ni makaranta. Amma tsoro ya fi ƙarfinsu. Kwanona daban, moɗata daban, tabarmata a bakin ƙofa. Kullum kaina a aske yake, don kada wata ta zauna ta yi mini kitso. Da safe matar Kawu takan tsayar da ni a rana, ta ɗaga mini riga da karan dawa, ta juya ni gaba da baya tana neman tabo. In ba ta gani ba sai ta ce, "To, yau ma babu." Yadda take faɗin yau ɗin nan, ni dai na fahimci gobe akwai.

In yara suna gaɗa a dandali, nakan iya waƙar fiye da kowa, amma da na miƙa hannu sai ta kusa da ni ta tuna kanta yana ƙaiƙayi.

Mahaifiyata, Inna, takan zo bayan an gama girbi. Ta ajiye mini ƙullin alewa a ƙasa, ta koma nesa ƙarƙashin bishiya ta zauna, ta cusa hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta. Ba ta kallona, shanu take kallo. Sai dai ta tambayi Kawu, "Wagga tana cin abinci?" Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ni kuma a zuciyata ta yarinya na yanke hukunci: in har kuturwa ma tana ƙyamata, to, abin da ke jikina ya wuce kuturta.

Na girma, na yi makarantar kwana ta 'yan mata, aka yi mini baftisma, na zama malama, na dawo Kalgo. Duk wanda ya san ni a lokacin zai ce Rahila ai dariya ce. Ina cikin mawaƙa, ni ce mai ba da waƙa a bikin kowa. Amma in aka kira sunana da ƙarfi sai gabana ya faɗi, in wata ta zo za ta rungume ni sai in sunkuya ina gyara takalmi. Na ɗauka halina ne kawai.

Sai Allah ya haɗa ni da maigidana, Malam. Mai gyaran injin ban ruwa ne, duk masu albasa da shinkafa a fadama sun san shi. Mutum ne mai haƙuri, wanda ya yi imani da abu biyu: Allah yana nan, kuma babu abin da ya lalace da ba za a iya kwancewa a wanke da fetur ba. Ya san 'yar waye ni, bai damu ba. Mahaifiyarsa ma, Gwaggo, da ke zaune a Diggi tana noma, cewa ta yi, "Cuta ai ba gado ba ta." Ta karɓe ni hannu biyu.

Da na haihu, Gwaggo ce ta zo ta yi mini wankan jego, tun da yatsun Inna ba su da sauran ƙarfin riƙe ganye da tafasasshen ruwa. Gwaggo mace ce ƙaƙƙarfa, muryarta tana riganta shiga gida. In ta watsa miki ruwan zafi kika yi ƙara, sai ta ce ai ba ta fara ba.

Lokacin da ungozoma ta miƙo mini jaririyar, sai hannuwana suka mutu. Na dube ta, fatarta sumul, babu ko ɗigo. Wani abu ya ce mini a rai, in kika taɓa ta, kin ɓata ta. Ni malama ce fa. Na san ban taɓa yin cutar ba, na san Inna ta warke tun tuni an sallame ta. Kaina ya san duk wannan, amma zuciyata ba ta shiga ajin ba.

Sai na juya fuska bango. Gwaggo ta ɗauki yarinyar ta kara ta a ƙirjina ta sha nono, ni kuwa hannuwana suna bayana.

A nan ne aka yi kuskuren da ya kusa cin raina. Kun san al'adarmu ta kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Da Gwaggo ta ga na juya fuska, sai murna ta kama ta. Duk wadda ta shigo barka sai ta tare ta: "Zo ki ga kunya. Ɗiyan zamani suna rungume ɗan fari gaban surukai awa 'yar tsana, amma wagga ko duban ta ba ta yi. Jinin Hillani ba ya ɓoyuwa."

Mata suka yi ta sa mini albarka. Wata har ta kawo 'yarta mai ciki ta koyi tarbiyya a wurina. Ni kuma ina zaune ina murmushin dole.

Ranar suna, bayan fasto ya yi addu'a an ci an sha, Gwaggo ta ɗaga yarinyar ta sanar wa kowa: "Ranar da anka yaye ta, Diggi za ta. Ɗiyar fari ta kaka ta." Aka yi guɗa. Haka ake yi, kowa ya sani, in an kai ɗan fari yaye wurin kaka, sau da yawa can zai girma har aure. Na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji, amma sai na ce wa kaina hakan ya fi mata. Gara ta yi nesa da ni.

Aka yi ta tafiya a haka. Gwaggo ta raba zamanta tsakanin Diggi da Kalgo. In tana nan, ita ce goyo, ita ce wanka. In ta tafi gona, Malam ne yake yi wa yarinyar wanka kafin ya fita, maƙwabta su goya ta. In dole ta kama ni, sai in naɗe hannuna da zane in ɗaga ta. Ina wanke hannu da sabulun soda har fatar ta tsattsage, in na ga tsagar kuma sai in ce ga ta nan, ta fara fitowa.

Abinci ya daina yi mini daɗi, barci ya ƙaurace mini. A makaranta nakan ba yara aikin kwafa, in zagaya bayan allo in yi kukana, in share ido in fito in ce ƙurar alli ce. Haka kawai ina tsinke zogale sai gabana ya hau bugawa, gumi ya karyo, in ji kamar yanzu za a aiko an yi mutuwa. Na bar mawaƙa. Na rame har zobena yana faɗuwa, aka ce shayarwa ce. Ina son yarinyar nan kamar in haɗiye ta, amma ko sunanta bakina bai taɓa furtawa ba. Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokacin da addu'ata guda ce: Allah ya ɗauke ni, Malam ya auri mai lafiyayyen hannu.

Malam ya ga ba daidai nake ba, ya rasa inda zai kwance. Ya sayo mini maganin ƙarin jini, ya sayo hanta, ya sayo rediyo. Da abin ya ƙi, sai ya ce, "Ki ƙara haƙuri, yaye ya kusa. In an tahi da yarinyar kin huta." Da kyakkyawar niyya ya faɗa, bai san yana ƙara mini gishiri a miki ba.

Yanzu bari in ba ku abin dariyar, don na san wasunku sun gani da idonsu, kuna dai rufa mini asiri ne. Wata safiya, yarinyar ta fara tafiya, Gwaggo tana Diggi, Malam yana fadama, sai na hango wani farin tabo a bayan wuyanta. Zan ɗauke ta in ruga asibiti, amma da wane hannu? Sai na jawo babban daron wanki, na shimfiɗa zane, na lallaɓa ta ta shiga, na ɗora a ka. Haka na ratsa garin Kalgo ba takalmi, malama guda, ɗauke da daro, yarinya tana leƙowa tana yi wa mutane dariya, ita a ganinta mota ta samu.

Malamin asibiti ya duba wuyan, ya jiƙa auduga da ruwa, ya goga sau ɗaya. Tabo ya tafi. Ya shinshina audugar ya ce, "Malama, wagga kuturta da gero aka yin ta." Kokon safe ne ya bushe mata a wuya.

Masu jiran layi suka yi dariya har da riƙe ciki, ni ma na taya su. Ai wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Na mayar da 'yata cikin daro na dawo gida.

Amma cikin masu layin nan akwai wadda ba ta yi dariya ba, ita ce Mama Lami. Ita 'yar ƙasar Zuru ce, aikin mijinta ne ya kawo su nan, don haka yabon kunyar da ake yi mini bai taɓa burge ta ba. Da la'asar sai ga ta a gidana, wai ta zo aron rariya. Ta zauna, ba ta ko dubi inda rariya take ba.

Ta ce, "Rahila, na ga mai kunya da yawa a ƙasar nan. Mai kunya in ta shiga ɗaki ta saki labule, cinye ɗanta take yi da sumba. Amma ban taɓa ganin kunyar da take sa yaro a daro ba."

Na ce, "Mama, sauri nika yi."

Ta ce, "Goyo ya fi daro sauri." Sannan ta tambaye ni, "Ke wa ya goya ki kina ƙarama?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa da wasa, kamar yadda na saba. Na duba Ceberu gida-gida a cikin kaina, na duba bayan kowace mace da na sani, ban ga kaina a ko ɗaya ba. Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ina yarinya. Na gaya mata komai, har karan dawa.

Da na gama ta ce, "Wannan ba kunya ba ce, ba kuma aljanu ba ne, ba rashin bangaskiya ba ne. Ciwo ne. Za mu kai shi wuri biyu, gaban Ubangiji da gaban likita, don duka biyun nasa ne." Ta tashi ta tafi, rariya tana nan a rataye.

Malam ya ɗauke ni a babur zuwa Birnin Kebbi. Likitan ya saurare ni da kyau, ya ce sunan abin ciwon damuwa, kuma ba ni kaɗai ba ce. Ya ce tsoron da aka shuka wa yaro tun yana ƙarami ba ya mutuwa don an girma, yakan kwanta ne ya jira, haihuwa kuma tana cikin abubuwan da suke tayar da shi. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ce in riƙa dawowa muna magana. Sai Malam ya matso ya tambaya, "Likita, to, yana gyaruwa, ko sai an canza wani abu?" Likita ya ce yana gyaruwa, amma ba a rana ɗaya ba. A hanyar dawowa na ji bayan Malam yana girgiza, na ɗauka ramukan hanya ne, ashe kuka yake yi.

Magani ya dawo mini da barci da ɗan cin abinci, amma hannuna bai saki ba. Yaye kuwa yana ta matsowa, har Gwaggo ta aiko cewa ta sayi sabon zanen goyo.

Ranar wata Alhamis a taron zumunta, aka karanta labarin kuturun nan da ya zo ya durƙusa a gaban Yesu. Na san labarin tun ina makaranta, kullum in an zo kansa nakan sunkuyar da kai har a wuce. Ranar sai Mama Lami ta rufe littafi ta tambaye mu, "Ubangiji da yake warkar da mutum daga nesa da kalma ɗaya, me ya sa wannan sai da ya miƙa hannu ya taɓa shi?" Ita da kanta ta amsa. Ta ce, "Don ya san ba fatar kaɗai ce take ciwo ba."

Ban san lokacin da na zube a kan gwiwa ba. Addu'ar da na yi ba mai ladabi ba ce, 'yan'uwa. Na ce, "Yesu, ka taɓa wancan, ni ina kake lokacin da ake ɗaga mini riga da kara? Ni ba ni da cutar ma, amma ba wanda ya taɓa ni. Yanzu ga shi za a ɗauke mini 'yata, ni da kaina na kasa riƙe ta. In kana taɓa mutane har yanzu, ga ni."

Ba a yi tsawa ba, ban ga haske ba. Hannu na ji a kaina, na Mama Lami. Sai wani a kafaɗata, wani a bayana, wani ya kama tsattsagaggen tafin hannuna ya riƙe gam. Mata suka kewaye ni suna addu'a. Jikina ya ce in gudu, amma babu ta inda zan bi. Hannun wata ma warin daddawa yake yi, ta san kanta, ba zan faɗi suna ba. Na tsaya a cikin hannuwan nan har hankalina ya kwanta. Ranar na gane cewa Ubangiji ya ji ni, kuma da hannuwan da suka yi wanke-wanke da safe ya amsa mini. Yabo ya tabbata gare shi!

Washegari na tafi wurin Inna. Tun dawowata Kalgo nakan kai mata cefane, in ajiye a bakin ƙofa, mu gaisa daga nesa kamar surukai. Ranar sai na shiga na zauna a kan tabarmarta. Ta ja jiki gefe ta ce, "Ke, lahiya da rana tsaka?"

Na ce, "Inna, tambaya nika yi. Don mi ba ki taɓa taɓa ni ba? Don mi in kin zo Ceberu kika ɓoye hannu kina duban shanu?"

Ta kori wata kaza da ba ta yi mata komai ba.

Sannan ta ce, "Ba ɓoye su nika yi ba, wa ab bai san yadda suke ba? Zamna masu nika yi, don kar su tashi su kamo ki. In na dube ki, tashi za su yi. Shi ya sa nika duban shanu. Na san shanun kawunki ɗaya-ɗaya, har na hi shi sanin su." Ta ɗan yi dariya, ta share ido da gefen hannu. "An ce mani in na taɓa ki kin kamu. Mutane kuma sunka ce kunyar ɗiyar fari ta, niy yi shiru, don kunya ta hi daɗin hwaɗi."

Na zauna ina kallon hannuwan nan da na yi shekaru ina zargi. Ashe ni da Inna rami ɗaya muka faɗa, aka rufe mu da yabo iri ɗaya.

Sai ta ce, "Na ji an ce za a kai yarinyar Diggi."

Na ce, "Al'ada ta, Inna."

Ta dube ni, ido cikin ido, karo na farko a rayuwata. Ta ce, "Ni dole anka yi mani. Ke wa ya yi maki?"

Ba ta kira sunana ba ranar, har yau ma ba ta kira, Inna ce. Amma ta turo mini kwanon furarta, muka sha da ludayi ɗaya.

A shekarar da aka yanka mana jihar Kebbi ne, bayan an ɗebe gero, Gwaggo ta iso da hantsi da sabuwar atamfa da majanyi. Ta ce a haɗa kayan yarinya, motar Diggi ba ta jira. Na riga na gaya wa Malam abin da ke raina, ya ce yana bayana. To, da ya ji sallamar mahaifiyarsa, sai ya jawo wani inji da lafiyarsa ƙalau, ya kwance shi a tsakar gida, ya cusa kai ciki. Yana bayana ɗin ke nan.

Na durƙusa a gaban Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, ki gahwarce ni. Yarinyar ba ta zuwa Diggi."

Ta ce, "Mi kic ce?"

Na maimaita.

Ta ce, "Ke da ko duban ta ba ki yi? Ina kunyar taki?"

Na ce, "Ba kunya ba ta, Gwaggo, ciwo na. Tsoron hannuna nika ji. Ina shan magani, ana yi mani addu'a. An ɗauke ni ga uwata ban san bayanta ba. Ba ni son a yi ma wagga hakanan."

Gwaggo ta nemi turmi ta zauna a kai. Can ta ce, "Ni ko ina ta yawo da ke cikin Diggi, gida-gida, ina yabo. Ashe ɗiyar mutane tana mutuwa gabana ina guɗa." Ta juya wajen inji. "Kai, ka san da wagga magana?"

Murya ta fito daga cikin ƙarfe: "Na sani. Ni ma ba ni son ta tahi."

"To, hito da kanka daga nan, ba a yin magana da inji." Ta warware sabuwar atamfar ta jefo mini a cinya. "Ni ba a hana ni jikata da baki. Goya ta in gani."

Yarinyar tana can gindin randa tana wasa da murfin kwano. Na miƙe. Na ce a raina, Yesu, ga hannun. Na buɗe baki na ce, "Alheri, zo nan."

Ta ɗago kai. Ta dubi Gwaggo, ta dubi babanta, tana neman wanda ya kira ta, don ba ta taɓa jin sunan da wannan murya ba. Na sake kira. Sai ta yar da murfin ta taho da gudunta na 'yan yaye, ta faɗa jikina. Na kama ta da hannuna, ba zane, ba komai. Jikinta da ɗumi, tana ƙanshin man gyaɗa da ƙasa.

Sai kuma aka zo ga goyo. Jama'a, ashe goyo ilimi ne! Na sunkuya na cilla ta baya, ta zamo ta gefe. Na gyara, ƙafa ɗaya ta maƙale. Na ɗaura zanen a ciki maimakon a ƙirji. Gwaggo tun tana ɗaure fuska har ta fashe da dariya, ta taso tana faɗa, "Dubi malamar makaranta. Wasu da jariri suka koyo, ke kin tsaya sai da ta zama buhun shinkahwa." Ta ɗaga mini ita sama, ta ja zanen, ta ɗaure majanyi har numfashina ya tsaya.

Alheri ta kwantar da kumatunta a tsakiyar bayana ta yi lamo. Na tsaya ban motsa ba, don kada abin ya wuce. Sai na ji wani ɗumi yana gangarowa, ya bi ƙuguna, ya sauka har diddige. Ta jiƙa ni sharkaf, ta jiƙa sabuwar atamfar Gwaggo.

Ina dariya ina kuka a tsakar gida, Malam yana share ido da hannun baƙin mai har ya zama dodo. Gwaggo ta dubi ruwan da ke ɗiga ƙasa, ta kaɗa kai ta ce, "To, ta kama wuri. Wa za ya tashe ta yanzu?"

Motar Diggi ta tafi ba Gwaggo. A Kalgo ta zauna aka yi yayen, ita ta shafa mini maɗaci a nono, ni kuma na yi ta zagaye gida da goyo ina lallashi. Tun daga ranar ta sa mini suna marar kunyar Kalgo, kuma da shi take kirana har a gaban baƙi.

Ba zan ce muku daga ranar ban ƙara jin komai ba. Na ci gaba da shan magani har likita da kansa ya rage ya tsayar. Har yanzu akwai ranar da nakan tashi gabana yana faɗuwa ba dalili. Bambancin shi ne yanzu na san sunansa, na san inda ya samo asali, na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Na koma mawaƙa, na yi ƙiba har Malam ya ƙara wa babur iska. Alheri kuwa bana tana ajina. A makaranta tana ce mini Malama, da mun shigo gida sai ta ɗare bayana, ƙafafunta suna jan ƙasa, ni kuma ban taɓa cewa ta sauka ba.

'Yan'uwana, ina roƙonku abu ɗaya. In kun ga mai jego ta yi shiru, ta juya wa ɗanta baya, kada ku yi saurin yi mata guɗa. Ku saki labule, ku zauna kusa da ita, ku tambaye ta. Ke kuma da kike karanta wannan kina murmushi a waje, kina kuka a ciki, abin da aka yi miki kina ƙarama ba laifinki ba ne, kuma ba shi ne ƙarshen labarinki ba. Ki faɗa wa Yesu yadda abin yake, ko da addu'ar ba ta fito da ladabi ba, ya saba jin irinta. Ki faɗa wa 'yar'uwa, ki je asibiti, kada ki jira.

Na gode wa Allah Uba da bai bar ni a hannun masu yabona ba. Na gode wa Yesu da ya ba ni 'yata sau biyu, ranar da na haife ta da ranar da na goya ta. Ku dogara gare shi. Amin.